Ranar da Muka Kai Ƙarar Kujerunmu

Ranar Litinin na yi awa ɗaya da rabi ina haƙo motata daga cikin dusar ƙanƙara. Da na fito da ita, sai na yi abin da kowa yake yi a garin nan tun kafin a haife ni: na hau bene na ɗauko kujerar kicin, na dasa ta a tsakiyar gurbin da na share, don kada wani ya zo ya ajiye motarsa a kan gumina. Da yamma na dawo, babu kujera. An manna takarda a jikin turken fitila, wai daga yau ajiye kujera a titi laifi ne, domin yana ɓata kyan gari.

Kujerar mahaifiyata ce, Allah ya ji ƙanta. Kyan gari kuwa yana ƙarƙashin ƙanƙara har gwiwa, ban san wanda ya gan shi ba.

Kada mai karatu ya ce ina raina ƙoƙarin manya. A watan Oktoba da idona na ga Mai Girma Jagoran Tarbar Hunturu ya jera motocin share ƙanƙara guda arba'in a dandali. An yi musu sabon fenti, an ɗaura musu ƙyalle, limamin coci ya yayyafa musu ruwa. An nuna mana tulin gishirin da za a watsa a tituna, ya fi gidanmu tsawo. Mai Girma ya ce bana ƙanƙara ce za ta ji tsoronmu. Da ta sauko a Disamba, kamar yadda take saukowa kowace Disamba, sai ya fito a talabijin ya ce ta zo ba zato. Ka ji mutum mai tsarkin zuciya. Shekara goma sha ɗaya yana kan wannan aiki, kuma har yanzu Disamba tana ba shi mamaki.

Mu ma ba wai mun fi shi ba ne. Tayoyin sanyinmu suna kwance a ɗakin ƙasa kusa da gangar kabeji mai tsami har sai ƙanƙarar farko ta sauka, sannan gari kaf ya tafi wurin mai faci a rana ɗaya. Ni kaɗai nake sauya taya tun Oktoba. Shekara tara na yi ina karatun gina hanya a wata ƙasa can arewa, inda ake share titi kafin mai burodi ya farka. Abin da na samu da na dawo shi ne suna: Injiniya. Ba don girmamawa ake faɗinsa ba.

Wanda ya laƙaba mini shi Kawu Stamen ne, tsohon direban bas, da ke hawa na huɗu a gininmu. Shi ne yake zuba barasar da ya dafa da hannunsa a tankin wanke gilashin motarsa, wai ba ta daskarewa. Gaskiyarsa, ba ta daskarewa, sai dai duk ɗan sandan da ya leƙa motar sai ya sa shi ya hura na'urar gwajin maye. Matarsa, Goggo Tsonka, tana zuwa wankin ƙoda Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe tara na safe. Ba a ɗaga wannan. Wanda ya tsallake sau ɗaya, jikinsa yakan kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya.

Litinin sun je da ƙyar. Talata ƙanƙara ta wuni tana zuba. Motar share hanya ta bi babban titi, inda ayarin manya yake wucewa, ta ture duk abin da ta kwaso zuwa bakin layinmu, ta gina mana katanga har ƙirji. Layinmu hawa ne, gininmu kuma shi ne na can ƙarshe. Masu motar asibiti suka ce idan mun iya sauko da Goggo Tsonka babban titi, za su ɗauke ta. Tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, wadda matakalar bene ma sai ta huta sau uku.

Na ce a bar mini. Na buga lambar da aka ware don kai kuka kan ƙanƙara. Aka sa mini kiɗa na minti arba'in. Daga nan wata murya ta ce layinmu yana rukuni na huɗu. Na tambayi yaushe ake zuwa rukuni na huɗu, ta ce bayan na uku. Na yi mata bayanin gangara da nauyin ƙanƙara, har da lissafin da na koyo a ƙasar waje. Ta ce in rubuto, za a amsa cikin kwana talatin. Cikin kwana talatin ko rana ma ta amsa.

Na hau na faɗa musu. Kawu Stamen yana zaune a doguwar kujerarsa ta kallon ƙwallo, wadda ta lotsa daidai da jikinsa. Ya ce shekara tara a waje, kuma abin da na iya kawai sauraron kiɗa a waya. Ya ce gobe da asuba za mu fita da shebur. Na ce mita ɗari huɗu ce, mu biyar ne masu ƙarfi a ginin, biyu kuma bayansu ya riga ya riƙe.

Goggo Tsonka tana bakin taga, inda take wuni. Ba ta juyo ba ta ce, "Injiniya, jiya da suka zo ɗaukar kujerarka, ta ina ka ga motarsu ta shigo?"

Na ce ban ga komai ba, ina wurin aiki.

"Ni na gani. Ƙaramar katafila ce ta shige musu gaba, tana share musu hanya. Ta tsaya daidai kan kujera ta ƙarshe, suka loda, suka juya."

Kawu Stamen ya ce to sai me.

"Kai dai shekara hamsin sai an tauna maka," in ji ta. "Tashi daga kan wannan abin."

Kafin duhu labari ya zagaya layin. Kowane gida ya fito da abin zamansa. Kujerun kicin, na roba, benci, kujerar ɗinki, har da ta aski da wani ya gada daga surukinsa. Muka jera su tun daga bayan katangar nan har zuwa sama, taku goma goma, muna lumewa har cinya. Ta ƙarshe dole ta tsaya gaban motar Kawu Stamen, kuma dole ta zama wadda za a hango daga ƙasa. Ya ce a ɗauki ta kicin. Goggo ta ce ta kicin ƙarama ce. Ya ce a kan wannan kujera ya ga duk wasan da ƙungiyarsa ta ci. Ta ce ashe kujerar ba ta sha wahala ba. Mu huɗu muka sauko da ita, yana biye da mu yana cewa a yi hankali da hannunta na dama.

Saura kai ƙara. Aka ce ni zan kira, tunda ni ne mai magana kamar takarda. A jikin sanarwar akwai lambar tona asirin masu kujera. Bugu ɗaya aka ɗauka, babu kiɗa. Na ce ni ɗan ƙasa ne mai kishi, na zauna a waje, na san yadda gari yake kama, kuma abin da ke faruwa a layinmu abin kunya ne. Kujera ta fi sittin. Mutumin da ya ɗauka ya ce in maimaita. Na maimaita. Na ji yana kiran wani da murnar wanda aka yi wa haihuwa.

Laraba ƙarfe bakwai muna tsaye a ƙofar gini, Goggo tana naɗe cikin bargo biyu, fuskarta ta fara cika. Bakwai da rabi shiru. Kawu Stamen ya daina zolayata, ya tayar da mota, ya kashe, ya sake tayarwa. Ƙarfe takwas saura kaɗan muka ji ruri daga ƙasa. Ba ƙaramar katafila suka aiko ba. Biyu daga cikin arba'in ɗin nan ne na Oktoba, fentinsu ko ƙwarzane babu, ɗaya har da sauran ƙyalle a madubi. Bayansu motar gishiri, bayanta motar kwasar kujeru, bayanta motar masu ɗaukar hoto. Katangar da ta gagare mu, minti biyu ta yi.

Suka hau suna sharewa suna lodi, har gaban motar Kawu Stamen. Wani jami'i mai sabuwar hula ya nuna doguwar kujerar ya tambayi ta wane ne.

Kawu Stamen ya dube ta, ya dubi matarsa. Ya ce, "Ban taɓa ganinta ba, ranka ya daɗe. Mutanen yanzu ba su da kunya."

Tara saura kwata Goggo Tsonka tana kan gadon asibiti.

Da yamma Mai Girma ya fito a talabijin, tsaye gaban tulin kujerunmu. Ya ce an kama sittin da uku a layi ɗaya, kuma wannan somin-taɓi ne. Ya gode wa wani ɗan ƙasa mai kishi da ya yi karatu a waje. Karo na farko ke nan da hukuma ta yaba da karatuna. Kawu Stamen ya kalli labaran yana zaune a kan bokiti, ya nuna mini hannun dama na kujerarsa a bayan kafaɗar Mai Girma.

Masu hasashen yanayi sun ce wata ƙanƙarar za ta sauko daren Alhamis, Goggo kuma tana da Juma'a. Na sake karanta dokar a tsanake, na ga ta haɗa da tebur, da akwati, da "makamantansu". Mun riga mun fara fito da su bakin matakala. Mai karatu ya yi mini afuwa idan rubutun yau ya karkace, a tsaye na yi shi.