Talotalon Makarantar Lionel

Akwai wasu mutane a ƙauyen nan namu na Yorkshire, ba zan kama suna ba, waɗanda da zarar sun karanta rabin littafi sai su ga duk malaman duniya jakuna ne. Ba su taɓa dafa ƙwai ya dahu ba, amma ba su dama ka gani, yanzu za su gyara maka ilimin ƙasa kaf. Na ce ba zan kama suna ba, amma raina ya riga ya ɓaci: sunansa Lionel Hebden.

Lionel ya cire 'ya'yansa biyu, Tabitha da ƙanenta Rufus, daga makarantar ƙauye, ya buɗe tasa a teburin kicin. Kada ka ce na zagi masu koyar da yara a gida, na san gidajen da ake yi, yaransu kuma sun fi ni karatu. Na Lionel nake faɗa. Shi ne hedimasta, shi ne malamin lissafi, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, shi ne kuma sufeton da ke zuwa duba makarantar ya yaba. Matarsa Imogen, nas a asibitin gari, ita ke fita ta nemo abin da makarantar za ta ci.

A farkon Disamba surukarsa Doreen ta zo shan shayi. Lionel ya miƙe tsaye, don ba ya iya cika baki a zaune.

"Bana," in ji shi, "duk abin da za a ci ranar Kirsimeti daga hannunmu zai fito. Dankali namu, kabeji namu, talotalo namu. Wannan shi ne ilimi, daga gona zuwa faranti."

Doreen ta kurɓi shayi. "Lionel, ɗazu na tambayi Rufus bakwai sau takwas, ya ce mini ya danganta da yadda mutum ya kalli abin."

"Tunani ke nan, Mama. A can haddar aku ake koya musu."

"To, Hedimasta," in ji Imogen, "in abin ya gagara fa?"

Lionel ya dafa ƙirji. "In talotalon da muka kiwata da hannunmu bai zo teburin nan a gashe ba, ni da ƙafata zan kai yaran nan ƙofar makarantar ƙauye a watan Janairu."

"Mama, kin ji?"

"Kunnena ƙalau," in ji Doreen.

Baki shi ke yanka wuya, kuma shi kaɗai ne abin da Lionel ya yanka a wannan shekarar.

Talotalon nan tun yana ɗan tsako aka kawo shi don darasin kimiyya. Yara suka sa masa suna Oswald. Da yake aƙidar makarantar ita ce 'yanci, ba shinge ba keji, Oswald ya taso yana shiga aji yadda ya ga dama. Wata rana Lionel, don ya kunyata Rufus, ya ce tsuntsun ya fi shi natsuwa, ya naɗa shi monita. Kafin Disamba monita ya zama ƙato kamar ɗan maraƙi, ya kuma cinye kabejin Kirsimeti tas, har kututture. Lionel ya ce wannan ma darasi ne.

Da makon Kirsimeti ya kama, ya kaɗa ƙararrawa ya sanar cewa darasin yau shi ne yanka.

Tabitha ta ɗaga hannu. "Baba, ba a kaɗa ƙuri'a ba."

Ka ga, a makarantar Lionel komai sai an kaɗa ƙuri'a, har lokacin wanka. Dokarsa ce, ya kuma sha gaya wa mutane a mashayar ƙauye cewa gidansa ya fi majalisar London adalci. Aka ɗaga hannu. Yara biyu suka ce kada a yanka. Lionel ya ce a yanka, ya ƙara da cewa ƙuri'ar hedimasta biyu ce.

"To an yi kunnen doki," in ji Tabitha. "Saura monita."

"Tsuntsu ne, ke."

"Kai ka naɗa shi, Baba. Ko ɗalibi ba shi da 'yanci?"

Rufus ya ajiye kwano biyu na masara, na dama a yanka, na hagu a bari. Sai dai na daman ƙwaya uku ya jefa, na hagun kuwa ya cika shi har baki. Yaron da bai san bakwai sau takwas ba, ga shi ya san maguɗin zaɓe. Oswald ya nufi hagu ba ko waiwaye.

Mai hankali da nan ya tsaya. Sarkin surutu kuwa ya shirya juyin mulki. Washegari da la'asar, Imogen ta fita da yara sayen kyaututtuka, sai ya ɗauki gatari a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana kallon bidiyon wani manomi na nuna yadda ake yanka talotalo. Ya iske Oswald a bayan gida.

"Oswald," ya ce, "ba ƙiyayya ba ce. Manhaja ce."

Oswald ya kumbura, wuyansa ya yi ja wur, ya baza jela. Na cikin wayar dai kwance yake shiru a hannun manomi. Wannan tafe yake. Lionel ya yar da gatari, ya yar da waya, takalmi ɗaya ya bi su, bai tsaya ba sai a ɗan ɗakin katakon da ya kafa wa yara a kan bishiyar tuffa. Oswald ya tsaya a gindin tsani yana sintiri, aikin monita.

Yana can sama sanyi na cinsa, sai ga yaran makarantar ƙauye da malamarsu, suna bi gida gida da waƙoƙin Kirsimeti. Suka ga mutum a bishiya, suka jeru a bakin ƙofar lambu suka rera masa waƙa har ƙarshe, baiti bai faɗi ba.

"Mista Hebden," in ji malamar, "lafiya?"

"Muna nazarin halayen tsuntsaye."

"Na gani. Shi ma kamar nazarinka yake yi."

Ranar jajibirin Kirsimeti Lionel ya yanke shawarar ha'inci. Ya tuƙa mota zuwa gari mai nisa, inda ba a san fuskarsa ba, ya sayo talotalon ƙarshe da ya rage a firjin kanti, daskararre. Kowa a ƙasar nan ya san irin wannan kwanaki yake yi kafin ya saki. Lionel ya ɓoye shi a rumfar kaya a lambu, wai ya narke, a tsakiyar sanyin Disamba, a Yorkshire. Da safiyar Kirsimeti ya ƙwanƙwasa shi ya ji kamar ƙofar coci. Ya ce wuta maganin ƙanƙara ce, kimiyya ce, ya cusa shi a tanda ya murɗa har ƙarshe. Da sauran suka tafi coci, ya yaudari Oswald da masara, yana tafe da baya da baya, har banɗakin bene, ya ja ƙofa.

Yara suka dawo, ba Oswald, ga ƙauri ya cika gida. Tabitha ta ce daga yau ba ta da uba. Rufus ya zauna a tebur da hular takarda ta bikin Kirsimeti a ka, hawaye na ɗiga cikin dankali. Lionel bai ji komai ba, nasara yake hange. Ya shigo da tire, abin ya yi baƙi ƙirin, ya miƙe ya yi jawabi a kan sadaukarwar Oswald, ɗalibi nagari wanda ya ba da ransa don ilimi.

Ya sa wuƙa. Wuƙa ta shiga kaɗan ta tsaya. Ya danna, ta lanƙwashe. Ya zura cokali ta baya don ya ga abin da ya tokare, sai ya jawo wata leda, rabi a narke rabi da ƙanƙara, irin wadda kanti ke ƙulle hanta da ƙundu a ciki.

Imogen ta dubi ledar. "Ikon Allah. Oswald ya san zai mutu, har ya ƙulle kayan cikinsa a leda."

"Tarbiyya ce," in ji Lionel, murya can ƙasa.

Doreen ta ajiye adiko ta ce bari ta ɗan zaga. Kafin Lionel ya tuna wanda ya kulle a banɗakin, ta riga ta kama hanya. Aka ji takunta a bene, aka ji ƙofa, aka ji shiru. Can sai ga ta tana saukowa a natse, Oswald a gabanta, takardar banɗaki naɗe a ƙafarsa tana biye da shi kamar jelar rigar amarya.

Yara suka yi kansa da gudu. Doreen ta koma kujerarta ta gyara hular takarda.

"Ni dai a cocinmu," ta ce, "Kirsimeti ranar haihuwa ce. Tashi daga matattu sai Ista. Amma ban yi makarantarka ba, Lionel."

Dankali da karas aka ci a ranar. Oswald ya ci daga farantin hedimasta, ba wanda ya hana shi, hedimastan ma ya matsa masa.

A Janairu Lionel ya cika alkawari, don Doreen ta zo musamman ta raka shi. Imogen ta lallashe shi a bakin ƙofa. "Kada ka damu, Hedimasta, ba a rufe makarantarka ba. Kana da sauran ɗalibi ɗaya."

Ashe ko shi ɗin ba shi da shi. Da yake har yau ba shinge, Oswald ya bi yaran. Kullum da safe yana can bakin dangar makarantar ƙauye, yana sauraron ana rera bakwai sau takwas ta taga, ba ya komawa sai an tashi. Lionel kuwa yana teburin kicin da ƙararrawarsa, ya kaɗa, ya amsa wa kansa.

Mutumin da ko talotalo ya nemi canjin makaranta daga hannunsa, ka ce mini malami ne? In ka ce sharri na yi masa, zo ƙauyen gobe da safe, ka tsaya a bakin dangar nan, ka gaya wa monita da bakinka.