Furen da Ya Yi Ƙamshin Humra

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar taron iyaye da malamai a makarantar 'yan mata da nake koyarwa a nan Dutsin-Ma. Yanzu dai ina ba da labarin ina dariya, domin ni na ci nasara a ƙarshe, amma a ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni malamar ilmin halittu ce. A farkon daminar shekarar aka tura mu bita Jos, a can na haɗu da wani mai sayar da shuke-shuke a bakin hanya. Ya nuna mini wasu saiwoyi guda biyar, dunƙulallu kamar ƙananan gwaza, ya ce sunansu okid, irin wanda ke tsirowa a ƙasa, ba mai maƙalewa a jikin itace ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton furen. Ina gani na ji hankalina ya tafi. Ya fara yi mini bayanin yadda ake kula da shi, na katse shi na ce, "Malam, abin da nake koyarwa ke nan." (Da na bar bawan Allahn nan ya ƙarasa maganarsa, da babu wannan labarin.)

Na dawo na dasa su a wata babbar tukunyar ƙasa, na ajiye a bakin ɗakin malamai inda kowa zai gani. Cikin mako uku ganye ya fito, dogaye masu layi-layi. Daga nan na hana kowa sakat. Duk wanda ya zo wucewa sai na tsayar da shi na yi masa lacca. Malam Sani mai koyar da lissafi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya duƙa ya duba ya ce, "Malama, anya ba dawa aka sayar miki ba?" Na ce masa ya jira ranar da zai yi fure, ranar zai san akwai bambanci tsakanin kimiyya da noman gandu.

Surutuna ya kai kunnen Hajiya Firinsifal. Ta kira ni ofis ta ce tana so a nuna wa iyaye furen a taron ƙarshen zango, in ya burge su za ta nemi a ba mu filin bayan ɗakin gwaje-gwaje mu yi wa ɗalibai lambu. Ta tambaye ni, "Zai yi fure kafin lokacin?"

"Ranki ya daɗe, har ma ya gaji da yi," in ji ni.

Ruwa na ɗaukewa, ganyen ya fara rawaya. Na ce ƙishirwa ce, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Ya ƙara lalacewa, na ce yunwa ce, na zuba masa takin zamani. Kafin sanyi ya kankama babu ganye ko ɗaya, sai ƙasa jiƙaƙƙiya a tukunya. Na kinkime ta na kulle a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya tambaya sai in ce, "Ya kusa fure, ba ya son yawan kallo." Ni da bakina, mai digiri, na faɗi haka ga manya masu hankali.

Ranar Juma'a, ana gobe taro, na dawo gida da la'asar na zauna a falo na rasa abin da ke mini daɗi. Sai idona ya faɗa kan furannin roba da ke kan talabijin, cikin kayan da aka yi mini na aure. Akwai wani reshe mai launin shunayya, da ɗan kama da hoton da na gani a Jos. Na ɗauko filaya na datse shi, na wanke da omo. Da sassafe na riga kowa zuwa makaranta, na soka shi a tsakiyar tukunya, na gyara ƙasar. Na ja da baya na duba, wallahi ya yi kyau. Sai kuma shaiɗan ya raɗa mini cewa fure ai da ƙamshi aka san shi. Na buɗe jakata, na ɗauko 'yar kwalbar humrata, na ɗiga masa.

Babbar baƙuwar taron ita ce Hajiya Mairo, wata tsohuwar malama daga Kurfi wadda ta yi ritaya tun ina firamare. Ita ta koyar da Firinsifal ɗinmu kanta. Aka kawo tukunya aka ɗora kan tebur a gabanta, aka miƙo mini makirfo. Na yi bayani ya fi na minti goma, har da sunan shukar na Latin, iyaye suna ta gyaɗa kai. Na ga Malam Sani ya yi tsit, na ji daɗi har cikin raina.

Na kusa zama ke nan, sai Hajiya Mairo ta gyara tabarau ta ce, "Matso mini da shi, ɗiyata, in shaƙa."

Ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago, ta sake shaƙa. "Ikon Allah! Wannan fure ƙamshin humra shi kai."

Aka ɗan yi dariya, ni ma na yi, ta dole. Sai ta kai hannu ta jawo reshen don ta gani da kyau. Ya biyo hannunta salin-alin, ya fito gaba ɗaya, da wayar ƙarfe tsirara a gindinsa, ga shatin filaya yana ƙyalli. Ta juya shi, ta duba sama ta duba ƙasa.

"Ɗiyata," ta ce a hankali, "shi wannan irin, saiwar ƙarfe gare shi?"

Makirfon yana hannuna, a kunne, daidai bakinta. Har masu tallar gyaɗa a bakin ƙofa sun ji. Ɗalibai suka fara dariya, iyaye suka karɓa, Malam Sani kuwa sai da aka ba shi ruwa. Kafin Litinin sunana ya koma Malama Roba.

Firinsifal ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Da kin zo kin ce ya mutu, dukanki zan yi?" Maganar lambu kuma ta ce a bar ta.

Da aka tashi ranar, na ɗauki tukunyar na zaga bayan makaranta na kifar da ita a juji. Baba Isiya mai gadi, wani dattijo mutumin Barkiya, yana zaune a gindin bedi yana saƙar igiya. Ya taso ya tona ƙasar da sandarsa, ya ɗauki saiwa ɗaya ya matsa.

"Malama, mi ya sa za ki zubar da abu da ransa?"

"Baba, ya mutu tun tuni."

"Biyu sun ruɓe, ruwa ya kashe su. Ukun ga kwana su kai. Ai akwai shi a fadamarmu, can bayan gari. In kaka ta yi sai ganyen ya bushe, ka rantse babu komi a wurin. Sai bazara, kafin ruwan fari, ki ga ya fiddo kara da fure, babu ganye ko ɗaya."

Wato abin da na ɗauko tun daga Jos a kan cinyata, shanun Barkiya suna taka shi kowace shekara. Na tsuguna a gaban Baba Isiya kamar 'yar aji ɗaya, na ce ya koya mini. Ya yanke inda ruɓa ta fara taɓawa, ya shafa toka, ya shanya su a inuwa kwana biyu. Ya sa na huda gindin tukunya, muka jera fasassun kasko da gawayi a ƙasa, muka cika da yashi gauraye da ruɓaɓɓen ganye. Muka binne su sama-sama, muka ajiye a gindin bedi inda rana ba ta dukansu sosai. Ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Ko ɗigo kar ki ba shi. In hannunki na ƙaiƙayi, je ki ba shuwaka."

Wata huɗu ina wuce tukunyar nan ina kawar da kai. Ban gaya wa kowa ba.

Wata safiya cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, ina shigowa Baba Isiya ya yafito ni. Wani koren tsinke ya huda ƙasa, sai ga na biyu a gefensa. A nan ya ce in fara yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Karan ya yi ta tsawo har ya kusa ƙuguna, sannan furanni suka fara buɗewa daga ƙasa zuwa sama, shunayya mai haske da ɗan rawaya a ciki. Sun fi na hoton kyau nesa ba kusa ba.

Ban kira kowa ba, ɗalibai ne suka gano suka baza labari. Malam Sani ya zo da kansa, ya zagaya tukunyar sau biyu, ya tsuguna, ya kai farce zai gwada. Sai ga zuma ta taso fir daga cikin furen ta bi ta kan hancinsa, ya yi baya ya zauna daɓas a ƙasa. Daga zaunen ya ce, "Na yarda, Malama. Zuma ba ta shiga roba." Firinsifal ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta ce in shigo ofis mu sake maganar fili.

Ranar Asabar na rungumi tukunyar a gidan gaba na motar haya, na nufi Kurfi. Hajiya Mairo na tsakar gida kan tabarma. Na gaishe ta, na ajiye a gabanta, na ba ta haƙuri a kan abin da na yi. Ta shafa furen da bayan yatsa, ta yi murmushi ta ce, "Wannan kam aikin Allah ne. Kin biya, ɗiyata. In ya yi 'ya'ya ki kawo mini ɗaya." Ta sa aka dama mini fura, na sha har da ƙari.

Yau tukwane tara gare mu a lambun makaranta, ɗalibai ke kula da su, Baba Isiya kuma shi ne babban malaminmu a wurin. Abin da na koya shi ne, "ban sani ba" kalma uku ce, ba ta kai numfashi ɗaya ba. Ni kuwa don gudun faɗinta ga mutum ɗaya a ofis, sai da na faɗe ta ga rabin Dutsin-Ma, da makirfo.