Yadda Ake Sayar da Faifan da Babu Kome a Ciki

Kai yaro, aje wayarka ka saurara. In ka bi abin da zan hwaɗa, na lamunce maka za ka yi sunan gwanin buga waƙa a faifan sidi, ko da odinatarka, kwamfutarka ke nan, ba ta san hanyar yi ba. Na gwada kan Kailu, ɗan ƙanena, mai shago bakin tashar Filinge. Har yau da ransa.

Mataki na ɗaya: Karɓi aikin tukuna.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka buɗe siyasa, surukin Kailu, Alhaji Manzo, ya tsaya takarar konsaye, wato kansila. Mawaƙi ya yi masa waƙa, Alhaji ya kawo ta shagon Kailu a buga a faifai don a raba cikin ƙauyukan Kurfai. Ana gobe za a kawo waƙar ke nan wani ɗan Yamai ya wanke wa Kailu odinatar ya zuba mata sabon tsari. Tun sannan ta bar ganin mabugin faifan da ke cikinta, wai ta rasa pilot, ɗan abin da ke haɗa su gaisuwa. Kailu ya zo wurina ya ce: "Baba, in gaya mai gaskiya?" Na ce, "Ka taɓa ganin wanda ya ce wa suruki ban iya ba ya kwana da mutunci?" Karɓi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mataki na biyu: Yi fuskar likita.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Tamke taka. Sa faifai, hiddo shi, hura masa iska, goge da bakin riga. In inji ya rubuto maka faransanci da jan tambari, kaɗa kai ka ce, "Haka nike so." Mai kallo bai karanta ba, kai ma ba ka karanta ba, kun yi daidai.

Mataki na uku: Nemi mai laifi wanda ba shi da baki.

Zafin rana. Wutar lantarki. Pilot ɗin da ka aika a kawo daga Yamai, wanda motar da ta ɗauko shi ta tsaya Baleyara cin kasuwa. Kada ka ɗora wa mutum, mutum yana da dangi.

Mataki na huɗu: Kyautata rubutu.

Ranar da Alhaji ya ce, "Kailu, gobe kasuwa, ina waƙata?" sai ka ɗauko faifan wofi, ka rubuta sunansa da babban alƙalami, ka ja layi biyu ƙarƙashi. Faifai mai waƙa da marar waƙa ƙyallinsu ɗaya. A ƙauye kuwa gida nawa ke da abin sa shi? Wanda ke da shi in ya dawo da ƙara, tambaye shi, "Injinka na ina ne?" Duk ƙasar da ya ambata, ka yi tsaki.

Mataki na biyar: Kada ka yi mamakin sa'a.

Gero ya fara nuna a lokacin. Manoma suka ɗaure faifan a kara, ƙyallinsa na korar tsuntsu. Masu amalanken jaki suka rataya a baya don mota ta hango su. Aka dinga cewa, "Wanga Alhaji shina da hankali. Sauran sun ba mu surutu, shi ya ba mu abin aiki." Ya ci zaɓe da rata.

Mataki na shida: San inda mota take.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Alhaji ya tara jama'a bikin nasara, ya ɗauko lasifika, ya ce surukinsa gwani ya zo ya sa waƙar da hannunsa. Kailu ya sa. Shiru. Ya juya faifan ya sake sawa. Shiru, har ana jin akuya tana tuƙa. Alhaji ya ce, "Kailu, duk haka suke?" Kailu ya ce, "Baba Alhaji, bari in ɗauko pilot." Ya tahi Yamai ɗaukowa. Matarsa Dijatu ta ce yana gaida kowa.

Gargaɗi: ni Albarka tsoho ne, ban yi lakwal ba, wato boko, ban taɓa danna odinatar ba. In aka kama ka, ban san ka ba, ban san ubanka ba. In kuma kana neman shago bakin tasha, akwai wani a rufe, mabuɗin na hannuna.