Yadda Za Ka Zama Tsohon Abokin Kanari da Tari Ɗaya Tak

Ɗan'uwa, share hawayenka ka gyara zama. Idan garinku ya taɓa haifar mawaƙin da ya shahara, kuma akwai wadda kake so amma kallon da take maka bai wuce wanda ake yi wa sandar lantarki ba, to kakarka ta yanke saƙa. Matakai bakwai ne kacal. Na ba ka tabbaci, kafin wata huɗu sunanka zai shiga bakin kowa. Ni da kaina na gwada, kuma har yau ba a daina maganata ba.

Garinmu ba birni ba ne, ba kuma ƙauye ba: situdiyo uku, ɗakin taro ɗaya, mawaƙa sun fi masu sauraro yawa. A nan Kanari ya tashi, wanda yanzu ba ka murɗa rediyo sau biyu ba ka ji shi ba. Wadda nake so kuwa mai kemis ce a bakin titinmu. Wasiƙu goma sha ɗaya na rubuta mata, duk suna aljihuna, domin duk ranar da na tsaya gabanta abin da ke fitowa daga bakina shi ne, "Akwai auduga?" Audugar da na tara za ta cika matashin kai biyu. In kai ma halin da kake ciki ke nan, biyo ni.

Mataki na ɗaya: Zaɓi mawaƙin da ya yi nisa

Kada ka kuskura ka zaɓi wanda har yanzu yake gari, wanda ake cin karo da shi a wurin cajin waya. Irin wannan zai ƙaryata ka kafin rana ta take tsaka. Nemi wanda ya shekara goma da tafiya, mai sa baƙin tabarau a cikin ɗaki, wanda duk hirar da aka yi da shi sai ya dafa ƙirji ya ce, "Garinmu yana cikin raina." Wannan magana ita ce shaidar cewa ba shi da niyyar dawowa. Na karanta littattafai da dama, kuma duk bakinsu ɗaya: ƙarya ta fi ƙiba idan mai gaskiyar yana nesa.

Mataki na biyu: Je shagon aski ka ga abin da ya rage

Kada ka ɗauka kai ne na farko. An riga an yi watandar Kanari tun kana makaranta. Zauna a benci ka saurara.

Mai aski zai ɗaga almakashi ya ce, "Kan nan da kuke gani a talabijin, ni na fara zagaye shi. Akwai wani ƙulu a ƙeyarsa, ni kaɗai na san da shi."

Tela zai ce, "Rigar da ya fara hawa dandamali da ita fa? Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shi ya sa har yau yake karkace kafaɗa in yana waƙa. Salon nan nawa ne."

Mai hayar lasifika zai yi tsaki. "Ku bar batun kai da riga. Muryar tasa a lokacin kamar ana jan buhu a kan rufin kwano. Ni na riƙa murɗa masa maɓalli har ta zama ta mutane."

Ka gani? An ɗauke kai, an ɗauke riga, an ɗauke murya. Har keken da ya taɓa faɗowa daga kansa mutum uku ke jayayya a kai. Sannan mai aski zai hango ka ta madubi ya ce, "Kai fa, ɗan boko? Ko farcensa ba ka samu ba?"

Kada ka yi kuka a nan. Bari sai ka je gida.

Mataki na uku: Saurari waƙarsa ta farko har kunnenka ya yi zafi

Ba sababbin ba, su an goge su tas. Nemi ta farko, wadda aka ɗauka a nan garin, a wani ɗan ɗaki da aka manna wa kiret ɗin ƙwai a bango don ya tare ƙara. Saurara da kyau. A minti na biyu, daidai inda Kanari ya tsaya jan numfashi, akwai tari. Wani ya yi tari a bayan fage, mai zurfi, mai ban tausayi, irin na wanda duniya ta juya wa baya.

Shekara goma tarin nan yana yawo a duniya ba shi da uba. Ya shiga motocin haya, ya shiga gidajen rediyo, ya ƙetare teku. Ba wanda ya ce nasa ne.

Naka ne. Taya kanka murna.

Mataki na huɗu: Ƙware

Tarin hawa biyu ne: gajere a farko, sai dogo mai 'yar karkarwa a wutsiya. Karkarwar ita ce sirrin, kuma ba ta zuwa da sauƙi. Shiga ɗaki, rufe ƙofa, yi sau arba'in kafin karin kumallo.

Mahaifiyarka za ta buga ƙofa. "Kai, lafiya? Wane irin tari ne wannan kamar ba na ɗan Adam ba?"

Yayarka za ta amsa daga tsakar gida, "Inna, ƙyale shi. Soyayya ce ta sauko masa ƙirji, ta rasa hanyar fita."

Kada ka kula su. Ba a taɓa samun gwanin da danginsa suka fahimce shi ba.

Mataki na biyar: Kai hajarka kasuwa

Shiga kemis lokacin da babu layi. Jira rediyonta ya sako waƙar. In ya ƙi, kunna ta a wayarka kamar bisa kuskure. Da an kusa wurin tarin, riga faifan da daƙiƙa ɗaya. Saki naka.

Za ta ɗago kai. Karo na farko ke nan da za ta dube ka ba tare da ta miƙo auduga ba. Wayyo, idanun nan! Dafa tebur ka jira.

"Malam, me na ji haka?"

Sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. "Ba na son faɗa. Amma tarin nan na cikin waƙar, nawa ne. Ina wurin ranar."

Za ta juya maka baya tana gyara kwalaben da ba su karkace ba, kafaɗunta suna rawa. Kada ka damu, girman al'amarin ne ya taɓa ta. In ta juyo za ta ce:

"A ina kake tsaye ranar?"

"Kusa da taga."

"Ta ciki ko ta waje?"

Yi tunani da sauri. In ka ce ciki, ana iya samun shaida. "Ta waje. Ɗakin ya cika."

"Haka ne kuwa, a waje ne. To me ya sarƙe ka?"

"Daɗin waƙar."

"Ikon Allah. Ni kuwa da na ɗauka dusa ce."

Yi dariya. Mace mai barkwanci ni'ima ce a gida.

Daga ranar ka huta da auduga. Kullum ka shigo za ta ce, "Malam, a ɗan maimaita mana," kai kuma ka maimaita, ita kuma ta yi dariya har da riƙe ciki. Wata huɗu za ku yi a haka, wata huɗun da suka fi duk wani wata haske.

Gargaɗi: kada ka tambaye ta 'yar gidan wa ce. Masoyin gaskiya ba ya bincike. Bincike aikin masu zuciyar dutse ne.

Mataki na shida: Idan mawaƙin ya dawo gida

Na ce ba zai dawo ba. To, wani lokaci sukan dawo. Wata safiya za ka tashi ka ga hotonsa a kowane bango: Kanari zai yi wasa a ɗakin taro ranar Asabar.

"Da hantsi zai biya ta tsohon situdiyonsa," in ji mai kemis. "Tare za mu, ka gaisa da abokinka."

Ce kakarka ba ta da lafiya. Za ta ce, "Kawo ta in duba ta." Ce kun ɗan saɓa da shi. Za ta ce, "To ga ranar sulhu ta zo." Ce wandonka yana wurin tela. Za ta ce telan ma can za shi. Sa takalminka kawai.

Situdiyon yana bayan wani gida, kiret ɗin ƙwai na nan a bango, sun yi baƙi. Wani dattijo ne mai shi. Za ka ji mai kemis ta ce masa, "Baba, ga baƙon da nake ba ka labari." Baba. Ashe mahaifinta ne. Dattijon zai dube ka sama da ƙasa, ya toshe baki da hannun riga, ya ce, "Shi ne? Sannu da ƙoƙari, ɗana."

Sai ga Kanari da tabarau. Mai aski zai yi tsalle ya tuna masa da ƙulun ƙeya. "Ƙwarai kuwa! Ina mantawa?" Tela zai kawo batun riga. "Ƙwarai kuwa!" Masu keke uku za su zo a jere, kowanne zai samu nasa ƙwarai. Har wani mutum da ya shigo tambayar hanya za a rungume shi a ce an yi kewarsa.

Yanzu ka gane babban sirrin shahararru: ba sa tuna kowa, don haka ba sa ƙaryata kowa. Saki jikinka. Ka tsira.

"Ga kuma mai tarin cikin waƙarka ta farko," in ji mai kemis, tana tura ka gaba.

Cika ƙirji. Gajere, sannan dogo, da karkarwarsa. Mafi kyawun da ka taɓa yi.

Kanari zai cire tabarau. Ba wanda ya ga idonsa shekara goma, sai yau. "Kai! Sake!" Sake. Zai tafa hannu ya juya wurin dattijon. "Wallahi ita ce sak! Baba, ina tunkiyar nan? Tana nan da rai?"

Duk garin nan, abu ɗaya ne kawai yake tunawa. Shi ka zaɓa.

"Ta daɗe da tafiya," in ji dattijon, yana share hawayen dariya. "A bakin tagar can take ɗaure, kanta cikin kwanon dusa. Sau tara muna ɗaukar waƙar, sau tara tana tari a wuri ɗaya. Na ce a bar ta, ita ma da rabonta."

"Allah sarki," in ji Kanari. "Duk garin nan ita kaɗai ta taɓa faɗa min gaskiya a kan muryata."

Kada ka waiwaya. Ƙarar da ka ji, mai aski ne ya faɗo daga kan kujera.

Mataki na bakwai: Kada ka jira ƙasa ta tsage

Ba ta tsagewa. Na jira.

Fita ka zagaya bayan ɗakin. Za ka samu kanka a bakin tagar, ta waje. Turken yana nan. Tsaya kusa da shi, ai wurinka ne.

Za ka ji takun mai kemis a bayanka.

"Tunkiyar tawa ce," za ta ce. "Ina 'yar shekara goma sha biyu. Ni na yi jinyarta har ta warke. Daga kanta na fara son aikin magani."

"Ashe kin sani tun ranar farko."

"Tun tarin farko. Ai ka ma fi ta iyawa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa, da ka koma sayen auduga." Za ta jingina da bango. "Malam, wata huɗu ina jira ka gaji da muryar tunkiyata ka yi magana da taka. Takardun nan da kullum suke leƙowa daga aljihunka, na wa ne?"

Zaro ɗaya. Kowace ce, duk abu ɗaya suke faɗa. Warware ta. Kana buɗe baki, sai wani ɗan siririn tari ya kufce maka, mara hawa, mara karkarwa, mara ko ɗigon kwarjini.

Za ta yi murmushi.

"Yawwa. Wannan kam naka ne. Karanta."

Karanta.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin kumburin maƙogwaro, dushewar murya, ko duk wani suna da za a laƙa maka wanda zai bi ka har jikoki. Idan ka wuce shagon aski ka ji manyan mutane masu iyali sun haɗa baki suna "mee", tsakaninka da su ne. Idan mahaifin wadda kake so ya riƙa tambayarka ko dusar ta ishe ka duk ranar da ka je gaishe shi, haƙuri za ka yi, kamar yadda nake yi. Wanda ya bi matakan nan ya ci nasara, sa'arsa ce. Wanda ya bi ya sha kunya, ni ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma ranar da abin ya faru ina waje, kusa da taga.