Cediyar Kawu Ta Zubar da Ganye

"...da gajiyar hanya? To madalla. Ni dai na ji an ce tun da asibiti ya tura ki kwas marasa lafiya suka fara warkewa."

Nas ba ta tashi daga kan tabarma ba. Ta ɗaga kai ta dubi taubashinta, ɗan gwaggonta mai gyaran waya, wanda take kira Injiniya don ta ba shi haushi. Yana tsaye a tsakar gida rungume da tukunyar fure kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani. Kariya ce a ciki, gindinta ƙato, kanta cike da jajayen furanni. A bayan Nas kuwa cediyar da mahaifinta ya dasa shekarar da zai rasu ce tsaye, ko ganye ɗaya babu a jikinta. Shi Injiniyan ta bar wa amanar ba ta ruwa kafin ta yi tafiya.

"Ƙaninka ka kawo ya gaishe ni?" in ji ta, tana nuna tukunyar da baki. "Ga tumbin, ga gajartar. Shi dai ya fi ka kyan kai."

Ya dire tukunyar, ya ce tsarabar sannu da zuwa ce, kuma mutum irinta bai cancanta ba. Daga nan ya shiga yabon kariya kamar mai talla a tasha. Wai shukar hamada ce, ruwanta na cikin cikinta, ko wata aka yi ba a waiwaye ta ba fure za ta ci gaba da yi. Ba ta zubar da shara, saiwarta ba ta fasa katanga. Cediya kuwa fitina ce: yau ta shiga bututun ruwa, gobe ta ɗaga siminti, jibi tsuntsaye su ɓata wa mutum shanya.

Nas ta ce ta ji, amma ina inuwar? Ko ƙadangare ne ya fake a gindin wannan abu, sai dai ya zaɓi kai ko wutsiya.

"Inuwa ta mai zaman banza ce. Ke da kike wuni kina tsira wa bayin Allah allura, yaushe za ki zauna?"

"Ruwan jikinta guba ne, ka sani? Ko akuya ba ta kusantarta. Ta yi kama da mai kawo ta."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙoransa ba. Sai ya ce, kamar abin yanzu ya faɗo masa, ya san wani mai zarto, mutumin kirki, gobe da safe zai iya zuwa ya sauke wannan itacen a gyara wurin, a jera kariya tun daga ƙofa har bakin famfo. Shi zai ɗauki nauyin komai.

Nas ta ƙare masa kallo. Tun suna yara mutumin nan bai taɓa ba ta ko alawa ba sai ya fara gutsura. Kuma tun shigowarsa bai dubi cediyar ba ko sau ɗaya, sai juya mata ƙeya yake kamar sun yi faɗa. Gindinta kuwa ya jiƙe sharkaf, taɓo har ya kai bakin tabarma.

"Injiniya, yaushe ka fara ba ta ruwa?"

"Kullum."

"Kullum tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shago ya yi cunkoso, ga babur ɗinsa ya lalace, ga Gwaggo ba ta jin daɗin ƙafarta. Da ya tuna ya zo, sai ya tarar ganye a ƙasa, itace a tsaye. Tun ranar yake kwarara mata bokiti bayan bokiti, safe da yamma, har maƙwabta suka fara tambaya ko rijiya yake haƙawa.

"Na kashe wa Kawu bishiya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Gara ki ce ni na sa aka sare ta don iya shege, da ki zauna kina kallon gawarta."

Nas ta ce masa sakarai ne, wanda ya san cikin waya bai san bishiya tana sake kaya ba. Haka take yi in lokacinta ya yi, ta zubar da tsoho ta fito da sabo. Da ƙarfinta ta faɗa. Sai dai ita ma tun safe take zaune a nan ba ta iya kai hannu jikin bishiyar ba, domin bara ba ta tuɓe ƙaf haka ba, kuma wanda ya san halinta ba ya nan balle a tambaye shi.

"Ciro ɗan sukundireban nan na aljihunka. Kankare ɓawon kaɗan."

"Ke ki kankare, ba ke ce mai yanka mutane ba?"

"Kai ka yi kisan, kai za ka duba gawar."

Ya taka cikin taɓon, takalminsa na nutsewa. Ya ɗora bakin ƙarfen a kan reshe ya ja a hankali. Ƙarƙashin ɓawon kore ne shar, nan take farin ruwa ya tsattsafo ya gangaro masa kan yatsa.

Nas ta yi hamdala a ranta. Injiniya ya nemi wuri ya zauna daɓas a cikin taɓon, da wandonsa na zuwa shago.

"Ni dama na san tana da rai," ya ce. "Gwada iliminki nake yi."

"Tashi ka kira mai zarton ka ce ya yi zamansa."

"Kariyar fa? In mayar?"

"Bar mini ƙaninka. Shi ko ka manta da shi ba zai tona maka asiri ba."

Ya kwashe da dariya, wannan karon har cikinsa yana rawa, ya miƙa mata hannu ta tashe shi. Ta dubi hannun, ta dubi taɓon, ta ce ya jira inuwa ta dawo.