Rasuwar 'Yar Shiru, Mai Zama Bayan Talabijin Ɗin Mama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Auta nake sanar da 'yan'uwa, surukai da maƙwabta rasuwar 'Yar Shiru, ƙaramar kwamfutar da ta shekara huɗu maƙale a bayan talabijin ɗin ɗakin Mama. Ta rasu ranar Talata da hantsi, lafiyarta ƙalau, a hannun babban wanmu da ake kira Injiniya. Ga waɗanda ba su sani ba, labule yake sayarwa. Sunan ya samo shi ne ranar da ya canza ƙwan fitilar banɗaki, kuma tun daga ranar bai sauko ba.

Marigayiya ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ba ta da fanka, ba ta gurnani, ba ta huci, shi ya sa Mama ta raɗa mata wannan suna. Wutar da take ci wat biyar ce, ko ƙwan fitilar da ya ba Yaya sarauta ya fi ta ci. Sautinta guda ɗaya ne tak a duniya: wani ɗan "ƙit" da ake ji idan faifan ajiyar da ke jone da ita ya farka. Ba ta taɓa nuna wa kowa talla ba, ba ta taɓa tambayar kowa lambar sirri ba, ba ta taɓa cewa a jira ba.

Da hannuna na haɗa ta, ni da aikina gwajin jini ne, ban taɓa zama ajin kwamfuta ba. Na sa mata Linux, tsarin nan na kyauta da mutane daga ko'ina suke rubutawa, suka bar shi a buɗe, duk mai so ya leƙa cikinsa ya gyara. Asabar uku na yi a durƙushe bayan talabijin, gwiwa a kan siminti. Asabar ta farko hoto ya zo babu murya. Ta biyu murya ta zo, hoton ya tafi, sai baƙin allo da fararen haruffa suna harara ta. Ta uku na shawo kanta: da an kunna, ba ta tsayawa gaisuwa, kai tsaye take wucewa wurin finafinai, da rubutu manya-manya saboda idon Mama. Na ɗauki rimot na liƙe duk maɓallansa da baƙin salatif, na bar kore guda ɗaya.

Ba don ƙwallo ko waƙa na sha wannan wahalar ba. Da Baba ya rasu ya bar kaset goma sha ɗaya da ya ɗauka da tsohuwar kyamararsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya na juye su cikin faifan. Kullum ƙarfe huɗu na yamma Mama za ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta zauna, ta danna kore. A ji "ƙit", sai ga Baba a tsakar gida yana fama da wata kujerar katako, ya yi gyaran murya kamar yadda ya saba, ya ce, "Ke dai riƙe min nan." Ita kuma daga kan gadonta ta amsa masa, "Ai na riƙe, kai ne ka sa ƙusar a karkace." Shekara huɗu suna wannan gardamar, babu ranar da ta gaji.

Injiniya bai taɓa ƙaunar marigayiya ba. Duk zuwan da zai yi sai ya leƙa bayan talabijin ya taɓe baki. "Wannan akwatin ashanar? Auta, abin kyauta ai ba ya ƙarko. Kin sa mutane suna ganin kamar mun kasa kula da Mama." Shi a wurinsa abin da ba ya ƙara, ba ya zafi, ba shi da kwalin da za a jingine a ƙofar gida maƙwabta su gani, ba kaya ba ne. Bara da ya zo share ɗakin ajiya ya kwashe kaset ɗin nan goma sha ɗaya ya zuba wa masu shara, wai tunda komai ya shiga kwamfuta, na me za a tara tarkace.

Ga yadda jinyar ta kasance, don kada wani ya ba ku labarin a gurguje.

An tura ni kwas na sati biyu. Kwana uku da tafiyata sai ga Yaya da 'yan dako biyu, ɗauke da talabijin da sai da aka cire labulen ƙofa kafin ya shiga. Bai kashe komai ba, bai tambayi kowa ba, ya kama wayoyi ya fizge gaba ɗaya. 'Yar Shiru tana tsakiyar sabunta kanta a lokacin, sai ɗan katin da ke ɗauke da tsarinta ya rikice, ta ƙi tashi. Wannan ciwo ne na yini ɗaya. Da ya kira ni, da na ce masa ya ajiye ta ya wanke hannunsa ya tafi shagonsa. Amma ina! Injiniya ya duba 'yar cajarta, ya yi dariya, ya ce wa matarsa da ta rako shi, "Ga matsalar nan, yunwa ce. Wannan abin zai ƙosar da wa?" Ya ciro ƙatuwar cajar wata na'ura daga motarsa, ya danna mata da ƙarfin tsiya. Matarsa ta ce ta ji wani ɗan "fat", sai warin ƙonannen roba. A nan marigayiya ta ce ga garinku nan, kuma wannan ne karo na farko da na ƙarshe da ta ɗaga murya.

Da a nan ya tsaya, wallahi da na yafe. Kwamfuta ana haɗa wata. Baba yana cikin faifan, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Sai Yaya ya ce bari ya rufe ɓarnar kafin in dawo, ya zare faifan ya jona shi da sabon talabijin. Talabijin ya duba, bai gane irin shirin da Linux ya yi wa faifan ba, sai ya rubuto tambaya ɓaro-ɓaro a allon da ya kusa cika bango: ban san wannan faifai ba, in share shi in shirya sabo? Ga Eh, ga A'a. Mutumin da zai iya ɓata rabin yini yana zaɓen launin labule bai tsaya ya karanta layi biyu ba. Ya danna Eh. Da ya ga wuri ya samu fili fetal, sai ya ga ai asara ce a bar shi haka, ya cika shi da wasannin ƙwallo sittin da biyu. Garin neman gira aka rasa ido.

Na kai faifan wurin mai gyara. Kwana uku yana tono, ya kira ni ya ce, "Hajiya, da sharewa kawai aka yi da na dawo miki da su, amma an yi rubutu a kai." Abin da ya tsamo daƙiƙa huɗu ce: ƙafar kujera da hannun Baba riƙe da guduma, babu murya.

Kada a ce na wanke kaina tas. Kwafi ɗaya na ajiye. Shekara huɗu ina cewa ran Asabar zan yi na biyu, Asabar ɗin ba ta zo ba. Wannan laifin nawa ne, kuma ina ɗauke da shi. Sai dai ni na manta ban kulle ƙofa ba ne, ba ni na shigo da guduma ba.

Marigayiya ta rasu ta bar rimot guda mai ido ɗaya, da wayar hoto mai tsawon mita biyu, da 'yar cajarta da aka yi wa ƙazafin rowa, da faifai guda wanda yake raye amma ba ya gane kowa sai 'yan ƙwallo. Ta bar magaji, ƙaton talabijin da ba ya buɗe baki sai an ba shi lambar sirri, in ya buɗe kuma da tallan sabulu yake farawa. Ta kuma bar Mama.

Har yau ba a faɗa wa Mama ba. Injiniya ya ce mata, "Matsalar sabis ce, Mama, suna kan gyara." Sabis! Abin da bai taɓa buƙatar sabis ba tunda aka haife shi. Ita kuwa ta yarda, don ɗanta na fari ne ya faɗa. Kwana goma sha tara ke nan, ƙarfe huɗu na yi sai ta gyara ɗankwali, ta danna kore, ta kasa kunne. Jiya ta juyo ta ce min, "Auta, yau ma Babanku bai fito ba? To, Allah ya sa su gama gyaran da wuri." Na ce amin, na fita na tsaya a bayan ƙofa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa. Za a naɗe marigayiya a cikin tsohon hankicin Baba, a sa ta a aljihun teburinsa, kusa da tabaransa. Ba a buƙatar taro, ba a buƙatar shawara, musamman daga masu cewa da ma an sayi na kanti. Masu ta'aziyya su tsaya a falo, kuma don Allah kowa ya riƙe hannunsa, kada a taɓa waya ko ɗaya.

Mutum ɗaya ne aka gayyata cikin ɗaki, kuma na aika masa, ya ce wai yana da awon labule ranar. Na ce a ɗaga awon. Ƙarfe huɗu daidai Mama za ta danna kore, ta jira, ta juyo ta yi tambayarta. Wannan karon ba ni zan amsa mata ba. Kujerar nan ta Baba, mai ƙusa a karkace, ita na ajiye wa Yaya a gabanta.