Safar Hannun Da Na Hana Madam Rabi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙi daga Yamai suka zo duba ɗakinmu na ajiyar kayan asibiti ba.

Bayan korona ta lafa, gwamnati ta aiko mana Damagaram da kwalayen takunkumi da safar hannu, a ajiye saboda wata annobar. Ni aka damƙa wa makulli. Ni kuwa ba a ba ni amana in yi wasa da ita. Na jera kwalayen har suka taɓa rufin kwano, na garƙame ƙofa, na rataya makullin a wuya (matata ta ce ko laya ba ta samun wannan gata).

Shekara uku ban bari an taɓa komai ba. Madam Rabi, ungozomar wani ƙauye a Gaffati, sau biyu tana zuwa.

"Malam, don Allah ba ni safa ko kwali guda. Leda nake ɗaurawa ina karɓar haihuwa."

"Madam, wannan na ranar annoba ne," na ce, ina jin kaina kamar soja a bakin iyaka.

Ran da baƙin suka zo, an kira ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, har da ita. Na sha babbar riga. Ba wanda ya ce in buɗe kwali (wannan ke ci mini rai har yau), ni na ce wa shugabansu da ɗan Faransancina, "Mushe, bari ku gani da idonku." Na sauko da na sama. Ashe zafin kwano ya gama da safar, duk ta manne kamar alewa. Na ɓanɓaro ɗaya na tura hannu, yatsuna biyar suka leƙo waje. Ban karaya ba, na maƙala takunkumi a kunne. Robar ta tsinke ta tsula mini a kunci.

Sai Madam Rabi ta ce, "Malam, a garinmu ko rumbu, tsohon hatsi ake fara ci kafin a zuba sabo."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ledar nan tata kawai nake tunawa.

Ba a kore ni ba. Yanzu tsoho ke fita, sabo ya maye gurbinsa, kwalin Gaffati kuma da kaina nake kaiwa. Na gane ajiyar da ba a taɓawa, zafin rana ake tara wa. Madam Rabi kuwa har yau sai ta zaro safa ɗaya ta miƙo mini: "Gwada tukuna, Malam."